Hammana ya karye a Tudun Hatsi: wai in kotu ta tabbatar mutum ya karye, gida da mota suna tsira?

Ɗan_Herwagana:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masu sani, don kaina ya ɗaure. Hammana, wato yayana, ɗan kasuwar hatsi ne a Tudun Hatsi nan Gombe. Ya tara masara da shinkafa a sito lokacin da kaya ke ta hawa, da zaton za su ƙara tashi, sai farashi ya faɗo a 2025, dole ya sayar ƙasa da yadda ya saya. Yanzu banki na bin sa miliyan 9, kuma takardar gidansa na Tumfure tana hannunsu. Mutanen Kumo da Dukku da suka ba shi kaya bashi suna bin sa wajen miliyan 6. Akwai motar ɗaukar kaya da ya karɓa yana biya duk wata, bai gama ba. Abin da ya rage masa 'yan kuɗi ne a wani bankin daban, sai adashin matarsa.

Jiya yaron shagonsa ya nuna masa bidiyon wani mutum a ƙasar waje yana cewa shi ya je kotu ya ce ya karye, aka yafe masa duk bashin, aka bar masa gida da mota. Tun daga nan Hamma ya kafe sai mun nemo lauya an yi masa haka. Shin ana yin wannan a Najeriya? In ana yi, me zai faru da gidan da motar da ɗan abin da ya ajiye?

Direban_Dukku:
Wa alaikumus salam. Allah ya kawo masa mafita. Amma da ana yin haka a ƙasar nan, ai da rabin Tudun Hatsi na layi a ƙofar kotu tun bara.

Barista_Jekadafari:
Malam Ɗan_Herwagana, Allah ya warware. Dokar akwai ta, sai dai ba abin da Hammanka yake zato ba ce. Tun 1979 Najeriya take da dokar karayar arziki ta ɗaiɗaikun mutane, kuma Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke sauraron irin wannan shari'a, ba kotun majistare ko kotun yanki ba. Don ka san tsufan dokar, har yanzu a cikinta mai bin bashin Naira 2,000 ya isa ya shigar da ƙarar a ayyana mutum ya karye. Shi ma wanda ake bi yana iya kai kansa.

To amma me ke biyo baya? Kotu za ta damƙa dukiyarsa gaba ɗaya a hannun jami'in da za ta naɗa, a ƙididdige, a sayar, a raba wa masu bin bashi. Abin da ake bar masa tufafi ne da shimfiɗa da kayan sana'a na hannu. Wato miƙa dukiya ake yi, ba ɓoye ta ba. Na biyu, wanda ke riƙe da jingina ba ya cikin layin rabo. Bankin da ke da takardar gidan Tumfure zai bi gidansa ne kai tsaye, ko an ayyana Hamma ya karye ko ba a ayyana ba. Na uku, muddin kotu ba ta sallame shi ba, tsarin mulkin 1999 ya hana shi takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa, dokar kamfanoni kuma ta hana shi zama darakta. Ga kuɗin lauya, ga zirga-zirga, ga sunansa a fili. Shi ya sa da wuya ka ga ɗan kasuwa a nan ya bi wannan hanya. Ni dai tunda na fara aiki ba a taɓa kawo mini irinta ba, alhali shari'ar bashi kullum muna cikinta.

Baƙon_Amurka:
Barista ya gama magana kan na gida. Bari in faɗi na inda nake, tunda da alama bidiyon daga nan ya fito. A Amurka mutum na da manyan hanyoyi biyu. Akwai Babi na 7 na dokar karayar arziki, inda ake sayar da abin da doka ba ta kare ba, a shafe sauran bashin cikin 'yan watanni. Akwai Babi na 13, inda mai albashi ke riƙe kayansa amma ya bi tsarin biya na shekara 3 zuwa 5 a ƙarƙashin kotu. Da zarar ka shigar da takarda, masu bin bashi dole su dakata da kira da ƙwace. Wannan gaskiya ne, kuma rahama ce ga mutane da yawa.

Abin da masu bidiyo ba sa faɗa shi ne, gida da motar da ka saya da bashi ba sa zama naka kyauta. In kana so ka riƙe su sai ka ci gaba da biya, in ka daina a karɓe. Kariyar gida kuma ta danganta da jiha: Teksas da Fulorida suna kare gidan zama sosai, wasu jihohin kaɗan suke karewa. Kuɗin fansho na wurin aiki galibi ba a taɓa shi. Amma kuɗin ciyar da 'ya'ya ba ya shafuwa, yawancin haraji ma haka, bashin karatu kuma da ƙyar. Sannan tabon Babi na 7 yana zama a tarihin bashinka shekara 10, a ƙasar da ko hayar ɗaki za ka kama sai an duba wannan tarihin.

Adda_Nas_Ingila:
Nan Ingila ma kusan haka ne. Ta intanet ake nema, a biya fam 680, yawanci bayan wata 12 a sallame ka, amma yana zama a tarihinka shekara 6. In kana da gida mai daraja ana iya sayar da kasonka. Ku gaya wa Hamma ko a nan ba a fita da gida haka kawai.

Gaskiya_Ɗaci:
Ni fa ba na jin tausayin masu ɓoye abinci. Lokacin da mudun masara ya gagari talaka a 2024 suna ina? Sito suka cika suna jiran mu mutu. Gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da hatsi ba haraji, kaya ya karye, yanzu kuma ana neman kotu ta yafe. Haba.

Goggon_Kumo:
Kai yaro, ba a yi wa wanda ya faɗi dariya. Sayen hatsi da kaka a ajiye zuwa bazara sana'a ce tun kakanni, ba yau aka fara ba. Ni kaina nakan sayi buhu biyar na wake in ajiye. Kuma mutumin nan shawara ƙaninsa ya zo nema, ba hukunci ba.

Gaskiya_Ɗaci:
Goggo, buhu biyar daban, tirela daban. Amma na yi shiru, girmanki ne.

Tsohon_Ma'aikacin_Banki:
Ku bar batun ɓoye abinci, akwai abin da ya fi gaggawa. Ɗan_Herwagana, ka ce yana da 'yan kuɗi a wani bankin daban. Kada ya ɗauka sun tsira don suna wani wuri. Tun 1 ga Agusta 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin da ake kira GSI. Mai karɓar bashi yana sa hannu a wata takarda cikin tarin takardun nan da ba wanda ke karantawa, wadda ta ba bankin izinin bin lambarsa ta BVN ya kwashi abin da yake bin sa daga duk asusun da ke ɗauke da lambar: na ajiya, na yau da kullum, na dala, har asusun haɗin gwiwa. Ba sai an je kotu ba. Uwar kuɗi da ruwan da ya taru ake cirewa ta wannan hanya, banda tarar jinkiri. Mutum kawai zai ga alat da asuba.

Shawarata a matsayin wanda ya zauna a wancan gefen teburi: kada ya kashe waya, kada ya ɓuya. Banki ya fi tsanar wanda ya ɓace a kan wanda ba shi da shi. Ya rubuta takarda ya nemi cikakken bayanin asusun bashin tun daga ranar farko, a ware masa uwar kuɗi da ruwa da tara, don a nan ake samun lissafin da ya wuce ƙa'ida. Sannan ya nemi zama a sake tsara biyan, ko ya ce ga abin da zai iya kawowa a dunƙule a yafe tara da wani ɓangare na ruwa. Ana yi, na ga an yi sau da yawa. Sayar da gidan mutum a gari irin Gombe ba abu ne mai daɗi ga banki ba, masu saye na gudun gidan rigima, lauyoyi na ci, lokaci na tafiya. In kuma har ta tabbata gidan ba zai tsira ba, gara shi ya nemo mai saye da sanin bankin, ya sayar da daraja, da a buga masa gwanjo.

Maman_Ihsan:
Don Allah Barista da Baba na banki ku yi mana bayani kan matar. Ita me ya shafe ta? Na ga an ambaci adashinta. A unguwarmu an taɓa zuwa aka kwashe wa wata baiwar Allah gado da kujeru da firij saboda bashin mijinta, kayan da iyayenta suka yi mata. Har yau abin na ci mini rai.

Barista_Jekadafari:
Hajiya Maman_Ihsan, bashin miji ba bashin mata ba ne, a dokar ƙasa da a shari'ar Musulunci duka. Kayan ɗakinta da gwal ɗinta da adashinta da asusunta mai BVN ɗinta nata ne, sai fa in ta sa hannu ta tsaya masa, ko asusun na haɗin gwiwa ne. In ma'aikatan kotu suka kwashi kayanta bisa kuskure, tana da damar shigar da ƙorafi ta ce kayan nata ne, kotu ta tsayar da gwanjon har a tantance. Matsalar ita ce hujja, don haka rasit da shaidun da suka yi jere suna da amfani. In kuwa ba kotu ce ta aiko ba, mai bin bashi ne ya zo da ƙarti, wannan laifi ne shi kansa.

Tunda an zo nan bari in ƙara. Mutanen Kumo da Dukku ba su da jingina, don haka hanyarsu ita ce su kai ƙara su samu hukunci. Bayan hukunci ana fara bin kayan da ake iya ɗauka ne, ko kotu ta ba da umarni a riƙe kuɗinsa da ke banki. Ba a taɓa gida ko fili sai an nuna kayan ɗauka ba su isa ba, kuma sai da izinin babbar kotu. Abin dariya, tufafi da shimfiɗa da kayan sana'ar da dokar aiwatar da hukuncin kotu ta kare, ta ce na Naira 10 ne. Haka yake a rubuce.

Game da gidan Tumfure kuma, Ɗan_Herwagana, ka dubo mini abu ɗaya: an yi cikakkiyar jingina ce da sa hannun amincewar gwamna kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada, aka yi mata rajista, ko kuwa takardar kawai ya ajiye musu? In cikakkiya ce, suna iya sayarwa bayan sanarwa ba tare da sun je kotu ba. In ajiya ce kawai, sai sun nemi umarnin kotu. Ko ta wace hanya, in an sayar aka samu rara tasa ce, in bai kai ba ragowar na nan a wuyansa.

Direban_Dukku:
Ni motar ce ta dame ni, don da ita zai iya tashi. Mutum ya rasa jari amma yana da motar kaya, ko lodin Ashaka ko na Dadin Kowa ya samu zai ci abinci. Na taɓa karɓar mota a hannun wani dila, na biya fiye da rabi, damina ta zo aiki ya tsaya, wata biyu kawai na yi jinkiri ya aiko yara suka ɗauke ta a tasha da safayar makulli. Duk abin da na zuba ya tafi. Daga baya wani ya ce mini da na je kotu da na ci. Barista, gaskiya ne?

Barista_Jekadafari:
Ya danganta da nawa ka biya da kuma abin da aka rubuta. Dokar sayen kaya da biya sannu a hankali ta 1965 ta ce in an biya kashi uku cikin biyar na jimillar kuɗin mota, mai ita ba shi da ikon ƙwacewa da hannunsa, sai ta kotu. Misali jimilla miliyan 10, ka biya miliyan 6, ka shiga kariya. Fiye da rabi kaɗai bai isa ba, sai ya kai wannan. Akwai togiya: in biya uku ko fiye suka taru ba a yi ba, yana iya ɗauke motar ya adana ta kafin kotu ta yanke, amma ba ya sayar ba. In kuma yarjejeniyar haya ce zalla, ko banki ne ya saya ya sayar maka da riba ya riƙe ta a matsayin jingina, hukuncin daban ne. Shi ya sa nake cewa a kawo takarda, ba labari ba.

Malam_Bolari:
Bismillah. Na ga ana ta Amurka da Ingila, alhali malamanmu sun yi wa wannan babi filla-filla tun da daɗewa, kuma shi alƙalanmu ke karantawa. A mazhabar Malikiyya, wanda bashi ya kewaye dukiyarsa, masu bin sa na iya kai shi gaban alƙali a hana shi taɓa dukiyar, a sayar, a raba musu gwargwadon abin da kowa ke bi. Mai bin miliyan biyu ya samu ninkin mai bin miliyan ɗaya. Bashin da lokacinsa bai yi ba ma ya zama na yanzu. Wanda ya tarar da kayansa da idonsu a hannun wanda ya karye, shi ya fi cancanta da su, wannan hadisi ne a Bukhari da Muslim. Don haka in akwai buhunan wani mutumin Dukku da ke sito har yanzu ba a biya shi ba, kuma ana gane su, yana iya ɗaukar abinsa. Ana bar wa mutum tufafinsa da abin da zai ci da iyalinsa zuwa wani lokaci.

A zamanin Sayyidina Umar an yi wani mutumin Juhaina da ke sayen raƙuma da tsada bashi don ya riga alhazai isa, har ya karye, Umar ya yi shela aka raba abin da yake da shi tsakanin masu bin sa. Imam Malik ya kawo wannan. A Sahihu Muslim kuma akwai mutumin da ya yi asara a 'ya'yan itacen da ya saya, Annabi (SAW) ya sa aka taimaka masa, bai isa ba, sai ya ce wa masu bin sa su karɓi abin da suka samu, ba su da wani abu bayan wannan. Aya ta 280 a Baƙara ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Wanda aka tabbatar ba shi da shi ba a tsare shi. Sai dai a lura, jinkiri ne, ba shafewa ba. Ranar da ya samu, sauran na nan, sai in masu shi sun yafe.

Ɗalibin_Ilimi_Azare:
Allah ya saka wa Malam. Amma gidan zama fa? Ni abin da na karanta ba a sayar wa mutum gidan da yake ciki da iyalinsa.

Malam_Bolari:
Wannan fahimtar Hanafiyya da Hanbaliyya ce, kuma tana da ƙarfinta. Malik da Shafi'i sun tafi a kan ana sayarwa, ya koma haya. Amma a mas'alar da ke gabanmu saɓanin bai ma taso ba, domin shi da hannunsa ya jinginar da gidan, mai riƙe da jingina kuwa yana gaba da kowa a kan abin da aka jinginar masa.

Bakumo_Mai_Wake:
Tun ɗazu ina karantawa, kowa na neman yadda Alhaji zai tsira da gida da mota. Mu fa? Ban san wannan Alhajin ba, amma irin mu ake nufi da "mutanen Kumo". Wanda ya ba da buhu talatin bashi ba attajiri ba ne, sau da yawa ma kayan ba nasa ba ne, na manoma ne da matan aure da suka ba shi amana. Ba mu da lauya, ba mu da BVN ɗin kowa, ko takarda ba mu rubutawa, a kan yarda muke ba da kaya. Banki zai kwashe gida, dila ya ɗauke mota, mu a ce mana "a yi haƙuri, kasuwa ce". An yi mini haka, mutumin ya rantse ba shi da ko sisi, bayan wata shida na gan shi ya sauke farali ya dawo da haƙorin Makka. Malam ya kawo ayar jinkiri, to a kawo hadisin da ya ce jinkirin mai hali zalunci ne.

Malam_Bolari:
Hadisin ingantacce ne, Alhaji Bakumo, kuma maganarka na kan hanya. Ayar ta wanda babu ce, hadisin na wanda ke da shi yana ɓoyewa. Aikin alƙali ko dattawan kasuwa shi ne su gano wanne ne a gabansu. Ku ma dai ku riƙa rubutawa, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

Hajiyar_Atamfa:
Ni gargaɗina kan tsaya wa mutum ne. Na sa wa ƙanin mijina hannu a wata ƙungiyar adashin gata ta ma'aikata, ya karɓi bashi ya sayi Keke biyu, abu ya lalace ya tafi Legas. Ajiyata ta shekaru suka riƙe, suka ci gaba da yanka albashina har aka gama. Ɗan_Herwagana ka bincika, waye ya tsaya wa Hammanka a bankin? In kai ne, to ba shawara kake nema wa wani ba, kanka kake nema wa.

Ɗan_Herwagana:
Na gode ƙwarai jama'a. Hajiya, ba ni ba ne, Baffanmu ne ya sa hannu, ɗan fansho ne kuma bai ma san halin da ake ciki ba. Barista, na duba, jinginar cikakkiya ce, har da hatimin ma'aikatar filaye. Motar kuma jimillarta miliyan 12, ya biya 8, kuma biyan wata ɗaya kawai ya yi jinkiri. Sai wani abu: yana da fili a hanyar Dadin Kowa da ba wanda ya sani, wani abokinsa ya ce ya yi maza ya mayar da shi sunan matarsa ko babban ɗansa. Sannan ɗaya daga cikin masu bin sa ya ce gobe zai zo da 'yan sanda.

Barista_Jekadafari:
Motar ta haye kashi uku cikin biyar, in dai yarjejeniyar irin wadda na faɗa ce. Ya yi duk yadda zai yi kada biya uku su taru.

Filin kuwa kada ya soma. Kyautar da aka yi don a guje wa masu bin bashi kotu na iya rushe ta, kuma ranar da aka gano, duk wani sassauci da ake shirin yi masa ya tafi. A Gombe kuma wa zai ɓoye fili? Dillalin da ya sayar masa ya sani, mai unguwa ya sani.

Batun 'yan sanda: dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wani, don haka ba a ɗaukar ɗa ko mata ko ƙani. In an gayyace shi ya je da lauya, kada ya sa hannu a alkawarin biya da ya san ba zai iya ba. Amma a kula da abu biyu. In ya ba wani cek ya dawo babu kuɗi, wannan laifi ne mai ɗaurin shekara 2 a dokar 1977. In kuma kayan ajiya aka ba shi ko na dillanci ya sayar ya cinye, ana iya juya shi zuwa cin amana. Baffa kuma a gaya masa yau, kada ya ji a bakin banki, domin suna da ikon bin sa kamar yadda suke bin Hamma.

Malam_Bolari:
A fiƙihu ma kyautar wanda bashi ya kewaye dukiyarsa masu bin sa na da ikon hana ta. Kuma 'yan uwa su sani, wanda bashi ya danne yana cikin mutum takwas da ake ba zakka, aya ta 60 a Tauba. Masu hali a dangi da ke fitar da zakka su fara dubawa gida.

Ɗalibin_Ilimi_Azare:
Malam, har da bashin da ke da ruwa a ciki za a biya da zakka? Ni nan nake da shakka.

Gaskiya_Ɗaci:
Yawwa, an zo wurin. Bashin ruwa a lokacin da Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankuna kuma suka ɗora nasu a kai. Wace masara ce za ta biya wannan?

Admin_Zaure:
Jama'a a tsaya kan tambaya. Mas'alar riba mun yi ta a baya, mai so ya nema. A guji gori.

Tsohon_Ma'aikacin_Banki:
Filin nan da ake son ɓoyewa shi ne makamin da ya fi ƙarfi a hannunsa. Ya sayar da shi da kansa, ya shiga banki da kuɗi a hannu ya ce ga wannan, a yafe tara, a shimfiɗa sauran. Haka ne zai ceci gidan ya kuma ceci Baffa. Abin da zai guje wa shi ne cin sabon bashi don toshe tsoho, musamman na manhajojin waya. Waɗannan ruwansu ya fi na kowa, ga tona asiri, duk da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta sa musu ido tun 2022. Kuma ya sani sunansa ya riga ya shiga wurin kamfanonin da ke tattara tarihin masu cin bashi, ba wani banki da zai ba shi ko kwabo sai ya wanke wannan, ya karɓi takardar shaidar ya gama biya.

Bakumo_Mai_Wake:
Kun ji ko? Filin ma banki za a kai wa. Banki na da gida a hannu, bai rasa komai ba. Kuɗin filin nan haƙƙin masu buhu ne. A tara su gaban shugabannin kasuwa, a buɗe littafi, a raba musu gwargwado kamar yadda Malam ya ce, sauran a sa lokaci. In ya yi haka gobe ma za mu ba shi kaya, da kayanmu zai tashi ya biya bankin. In ya kai wa banki ya bar mu, ko ya tsira da gidan ya gama kasuwa a Tudun Hatsi.

Tsohon_Ma'aikacin_Banki:
Alhaji, bashinku ba ya haihuwa, na banki kullum ƙaruwa yake. In aka bar shi wata shida, gidan da filin duka ba za su rufe ba.

Goggon_Kumo:
Ni dai da za a ji tawa, a raba kuɗin filin biyu. Kuma a daina sa adashin yarinyar nan a lissafi, ta samu abin riƙe yara in an koma haya.

Direban_Dukku:
Goggo, rabin kuɗin fili ba zai sa banki ya saurare shi ba, ba kuma zai ishi mutanen Kumo ba. Ni na ce a fara biyan watan motar nan tukuna.

Sabon_Shiga_Bajoga:
Salam, yanzu na shigo na karanta daga sama. Barista don Allah tambaya: mahaifinmu ya rasu watan jiya, ashe akwai bashin banki a kansa da na mutane, ya bar gida ɗaya da shago. Yayyenmu na cewa a raba gado kowa ya biya kasonsa daga baya, bankin kuma ya fara kiran babban yayanmu. Shi za su bi ko gidan?